Jitar bes mai tsirkiya huɗu ko mai biyar, kuma me ya sa ba a jin ta a wurin biki?

Wani ƙanena da ke karatu a Samaru, wanda yake kaɗa jitar bes a wata ƙaramar ƙungiyar makaɗa da ake gayyata wuraren biki da tarukan ɗalibai, ya aiko mini da tambaya mai rassa biyu. Ya ce ya daɗe yana kiɗa da jitar aro, yanzu ya tara abin da ya sawwaƙa yana so ya mallaki tasa, abokansa kuwa suna ta zuga shi da ya zuba kuɗin kacokan a kan mai tsirkiya biyar, mai amfani da batir, wadda aka rubuta babban suna a kanta. Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya kuma, in ji shi, shi ne duk ranar da suka hau dandamali, ko dai a ce ba a jin bes ɗin sam, ko kuma a ce ya cika wurin da gurnani har ba a gane abin da mawaƙi ke faɗa. Yana so ya san ko sabuwar jita mai tsada za ta raba shi da wannan matsala.

Ƙanena, ba za ta raba ka da ita ba. Abin da mutumin da ke zaune a kujerar baya yake ji ya dogara ne a kan lafiyar wuyan jitar, da sifikar da sautin ke fitowa daga cikinta, da wutar da aka haɗa kayan da ita, da kuma yadda yatsunka suka yi jituwa da hannun mai ganga. Sunan da ke rubuce a kan jitar shi ne na ƙarshe a wannan lissafi. Saboda haka zan fara da reshe na biyu na tambayarka, domin idan ka fahimci dalilin ɓacewar sautin, zaɓin abin da za ka saya zai zo maka da sauƙi.

Tsirkiyoyi huɗu na jitar bes ana saita su ne a kan E, A, D da G. Mafi kauri a cikinsu, wato E, tana girgiza kusan sau 41 a cikin daƙiƙa ɗaya, A tana yin sau 55, D kusan 73, G kuma 98. Sautin da ke girgiza sau 41 a daƙiƙa, tsawon zangonsa guda a cikin iska ya haura mita takwas, kuma kafin sifika ta fitar da shi da ƙarfi sai ta tura iska mai yawan gaske. Yawancin sifikun haya da ake jerawa a wuraren biki ba su iya wannan aiki ba, domin an ƙera su ne don muryar mutum da abin da ya yi kusa da ita. Kunnen ɗan Adam ma ba ya kama sauti mai kauri kamar yadda yake kama na tsakiya. Masu bincike biyu, Fletcher da Munson, sun auna wannan tun a 1933. Abin da ke cetonmu shi ne tsirkiya ba ta fitar da sauti guda tak. Idan ka taɓa E, tare da 41 ɗin akwai 82, da 123, da 164, da sauransu zuwa sama, kuma daga waɗannan ne kunne yake gane cewa E aka kaɗa, ko da asalin sautin na ƙasa bai fito ba. Shi ya sa kake iya bin layin bes a ƙaramar sifikar wayar hannu, wadda ba ta da ikon fitar da 41 ko kusa.

Daga nan za ka ga kuskuren da galibin masu koyo suke yi. Mutum yana zaune shi kaɗai a ɗakinsa, sai ya murɗa maɓallin amfilifaya (na'urar ƙara sauti) da aka rubuta wa Bass, na sauti mai kauri, har ƙarshe, ya ƙara Treble na siririn sauti, ya kashe Mid na tsakiya, domin haka ya fi daɗi a kunne idan babu wani abin kiɗa a kusa. Da ya hau dandamali da wannan saiti, sai babbar ganga ta haɗiye ƙasan, kuge da muryoyi su haɗiye saman, tsakiyar da ya kamata ta ɗauke shi kuwa shi da kansa ya riga ya kashe ta. Da aka ce masa ba a jin sa, sai ya ƙara ƙarfi, nan take wurin ya cika da gurnani marar fasali. Matsalolin nan biyu da ka ambata, asalinsu ɗaya ne. Ka mayar da maɓallan duka tsakiya, ka ɗan rage Bass, ka ɗaga sautin da ke girgiza wajen sau 700 zuwa 1,000 a daƙiƙa idan amfilifayarka tana ba da damar zaɓa, in kuma sautin ya yi dusu-dusu ka rage wajen 200 zuwa 300. Idan ka ji shi kai kaɗai zai yi maka kamar ya bushe, amma a cikin ƙungiya shi ne zai fito sarai.

Wurin da ake kiɗan ma yana da nasa hukunci, kuma a Zariya muna fama da wurare iri biyu masu saɓanin hali. Akwai ɗakunan taro na siminti da tayil, wasu ma rufin kwano ne babu silin kirki, irin waɗanda ake kama wa dina a Sabon Gari da kan hanyar Samaru. A irin waɗannan, sauti mai kauri yana bugun bango ya dawo ya haɗu da mai fitowa, sai ka tarar a wata kusurwa ya ninka, a tsakiyar ɗakin kuma ya kusa ɓacewa, wata nota guda ta riƙa kumbura fiye da 'yan uwanta har kwanon rufi ya ɗauki kaɗawa. A nan ba a ajiye sifikar bes a lungu, domin kowane bango da ta jingina da shi yana ƙara mata kauri. A janye ta daga bango, a ɗora ta kan kujera ko benci mai ƙarfi, a rage Bass. Sai kuma fili, ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida ko a harabar makaranta, inda babu bangon da zai maido da komai. A can sautin tafiya kawai yake yi ba ya dawowa, don haka sifika ta zauna a ƙasa, in da katanga a baya a matsar da ita kusa, kuma a nan ne ake buƙatar ƙarfin amfilifaya na gaske. Ka sani cewa abin da kake ji kana tsaye taku biyu daga sifikarka ba shi ne abin da jama'a ke ji ba.

Akwai kuma abokin hamayyar da ba a cika lura da shi ba, wato hannun hagun mai fiyano. Yawancin waƙoƙin Hausa na zamani a situdiyo ake haɗa su da fiyano da kwamfuta, mutum ɗaya ne yake buga ganga da bes da komai, don haka masu fiyanonmu sun saba cike ƙasan kiɗa da kansu. Idan irin wannan makaɗi ya shigo ƙungiya mai ɗan bes, kuma bai janye hannun hagunsa daga maɓallan ƙasa ba, to mutum biyu ne suke magana a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ko kaɗan suka saɓa sai sautin ya dagule. Babu na'urar da ke gyara wannan. Magana ce za ku yi a wurin atisaye cikin mutunci: ya matsar da hannun hagunsa sama, ya kashe bes ɗin da fiyanon ke bugawa da kansa, ya bar maka ƙasan. Na ga ƙungiyoyin da wannan gyara kaɗai ya sauya musu sauti fiye da duk wani abin da suka taɓa saya.

Idan kuna da mai kalangu, to a nan nake so ka fi natsuwa. Kalangu ba ya tsayawa a kan sauti guda. Makaɗin yana matse tsirkiyoyinsa a hammata yana saki, sautin yana hawa yana sauka yana bin karin harshen Hausa, har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi. Ɗan bes da ya cika kowane gurbi da notoci yana toshe bakin kalangu ne. Abin da ya dace shi ne ka nemi ɗan gajeren zagaye na nota uku ko huɗu, ka dasa shi a kan bugun da mai ganga ya fi nauyaya hannu, ka riƙa maimaita shi ba gajiya kamar yadda mai gurmi ko mai garaya yake riƙe zagayensa, ka yi shiru a inda kalangu ke magana, ka ƙara nauyi a inda 'yan amshi suka karɓa. Yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya, saboda haka notocin ƙawa da ka koyo daga kiɗan Turawa sau da yawa karo suke yi da muryar mawaƙi. Tsawon nota ma abin kula ne ƙwarai: inda ka tsayar da ita yana da muhimmanci kamar inda ka fara ta, kuma tsirkiyar da ba ka kaɗawa dole ne wani yatsa ya kwanta a kanta don kada ta yi ta ruri a ɓoye. Rabin gurnanin da ake ɗora wa sifika laifinsa daga tsirkiyoyin da aka bari sake yake fitowa. Ba yau aka fara wannan aiki a yankinmu ba. Bongos Ikwue ya kafa ƙungiyar kiɗa tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, Bala Miller kuma, wanda asalin gidansu na Zariya ne, ya jagoranci babbar ƙungiya a Kaduna yana rera waƙoƙi da Hausa. Ka nemi faya-fayansu, ka haɗa da na masu jitar Agadas, ka saurari yadda ɗan bes yake yin kaɗan amma kiɗan ya tsaya a kansa.

Yanzu sai batun tsirkiya huɗu ko biyar. Ta biyar ɗin B ce, tana ƙasa da E, tana girgiza kusan sau 31 a daƙiƙa, kuma abin da take ƙara maka shi ne notoci biyar kacal a ƙasa, tare da sauƙin kaɗa wasu abubuwa ba tare da hannu ya yi ta zirga-zirga a wuyan jita ba. Tana da amfani na gaske ga wanda yake kiɗa a coci, a Wusasa ko Sabon Gari, inda mai fiyano ke yawan ɗaukar waƙa a E♭ ko D♭, kuma ake son wannan nauyin na can ƙasa. Idan can ne aikinka, ba zan hana ka ba. Amma ka yi la'akari da abin da take jawowa: sifikar da ta kasa fitar da 41 ba za ta fitar da 31 ba, a jita mai araha tsirkiyar B takan zama sako-sako marar fitar da nota sarai, wuyan ya fi faɗi, saitin tsirkiyoyin ya fi tsada kuma ya fi wuyar samu, sannan an ƙara maka tsirkiya guda da za ka riƙa tsarewa kada ta yi ruri. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na Amurka, da Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley, wanda har yau ake misali da nauyin sautinsa, da tsirkiya huɗu suka yi sunansu. Ga wanda kuɗinsa ke da iyaka, mai huɗu mai kyau ta fi mai biyar ta tsaka-tsaki nesa ba kusa ba.

Game da batir kuwa, ra'ayina a fili yake. Jitar bes ta zamani ta samo siffarta ne daga Precision Bass da Leo Fender ya fitar a 1951, mai tsawon tsirkiya inci 34, wanda shi ne ma'aunin da aka fi bi har yau. A 1957 aka sa mata maganaɗisun ɗaukar sauti mai rabi biyu, wanda makaɗa ke kira fikof, kuma amfanin rabin biyun shi ne suna kashe ƙugin wutar lantarki a tsakaninsu. A 1960 aka fitar da Jazz Bass mai siririn wuya da fikof biyu. Idan an buɗe su duka daidai ƙugin yana mutuwa, idan aka rage ɗaya sai ya dawo. Duka biyun ba sa buƙatar batir. Masu batir sun yaɗu ne bayan fitowar StingRay ta kamfanin Music Man a 1976, kuma suna da ƙaramar da'irar ƙara sauti a ciki mai cin batir ɗin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9. Sautinsu yana da kaifi da ƙarfi, ba na musun haka. Sai dai batir yana fara aiki ne da zarar an soka waya a jikin jitar, don haka wanda ya bar wayar a soke kwana da kwanaki zai tarar ya ƙare, kuma idan ya fara rauni sautin yakan riƙa karcewa kafin ya ɗauke, sau da yawa ana tsakiyar waƙa. Batir na ƙwarai ba kullum ake samunsa a shagon unguwa ba. Idan da'irar ta ƙone, sai an nemo irinta daga nesa. Marar batir kuwa, maɓallai biyu ko uku ne da 'yan wayoyi, kuma duk mai gyaran rediyon da ya iya riƙe dalma a Tudun Wada zai gyara maka ita cikin sa'a guda. A garin da wutarsa ba ta da tabbas kuma ƙugi ya zama ruwan dare, ni mai fikof irin na Precision zan ba ka shawara, ko wadda aka haɗa mata shi da na Jazz guda ɗaya.

Kada sunan da ke kan jita ya ruɗe ka. Kasuwanninmu, daga Alaba ta Legas har zuwa shagunan Kaduna da Kano, cike suke da jitocin da aka manna musu sunayen manyan kamfanoni alhali ba su taɓa shiga masana'antarsu ba. Idan aka ce maka ga Fender 'yar Amurka sabuwa a farashin da ɗalibi zai iya biya, ka san akwai lauje cikin naɗi. Ƙananan samfuran Yamaha, Ibanez, Cort da Squier na gaskiya, ko da na hannu ne, sun ishe ka aikin shekaru. Ko wacce ce kuma, hannunka da idonka ne za su yanke hukunci, don haka kada ka saya ta hoto.

Ga yadda ake dubawa. Ka sa a saita tsirkiyoyin daidai tukuna, domin wuyan da ba a ɗaure shi ba ba ya nuna halinsa; tsirkiyoyi huɗu suna jan sa da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80. Ka ɗaga jitar ka sa idonka a kanta ka hango tsawon wuyan zuwa gindi, gefen E sannan gefen G. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, amma idan gefe ɗaya ya lanƙwashe ɗayan ya miƙe, wuyan ya murɗe ke nan, ka ajiye ta ko da kyauta ce, domin gyaransa ya fi kuɗinta. Bayan haka ka danne tsirkiyar E a ƙarfen wuya na farko (cikin ƙarafunan da aka gitta a wuyan jita) da yatsan hagu, ka danne ta da gwiwar hannun dama ko babban yatsa a inda wuya ya haɗu da jiki, ka duba ratar da ta rage tsakanin tsirkiya da ƙarfe na bakwai ko na takwas. Abin da ake so kusan milimita 0.3 ne, bai kai rabin kaurin katin ATM ba. Idan ratar ta yi yawa ko babu ita sam, a cikin wuyan akwai dogon ƙarfe da ake juyawa da alanki don daidaita shi. Ka nemi mai shagon ya juya shi a gabanka, rubu'in zagaye kawai: ɗaurewa tana miƙar da wuya, sassautawa tana barin sa ya lanƙwasa. Idan ƙarfen ya ƙi motsi, ko bakinsa ya cinye har alanki na zamewa, ko yana juyawa babu wani canji, wannan jita ta gama yayinta.

Idan wuyan ya tsallake, sai ka bi kowace tsirkiya daga ƙarfe na farko har na ƙarshe, nota bayan nota, kana sauraron inda za ta yi zizar ƙarfe ko ta shaƙe. A jitoci masu siffar Fender akan sami nota ɗaya a tsirkiyar G, wajen ƙarfe na biyar zuwa na bakwai, da ke mutuwa da wuri fiye da sauran. Idan kaɗan ne ba aibu ba ne. Ka gwada nota ta ƙarfe na 12 da na'urar saiti: ya kamata ta yi daidai da tsirkiyar a sake, in ta haura sai a ja jakin tsirkiyar, wato ɗan ƙarfen da take hawa a gindin jita, baya, in ta gaza a matso da shi gaba, kuma wannan gyaran sukundireba ne kawai. Ka soka waya ka girgiza kanta a cikin ramin, ka murɗa kowane maɓalli kana jin ko zai yi ƙarar yashi. Waɗannan ƙananan abubuwa ne masu gyaruwa, amma dalili ne na neman ragi. A ƙarshe ka rataya ta a kafaɗa ka saki hannu. Nauyinta yakan kai kilo huɗu ko fiye, kuma za ka tsaya da ita sa'o'i. Wadda kanta ke rinjaya ƙasa za ta gajiyar da hannun hagunka kafin a kai rabin biki.

Amfilifaya ita ce inda nake so kaso mai tsoka na kuɗinka ya tafi. Ta wat 15 zuwa 25 ta ɗaki ce kawai. Wanda zai tsaya kusa da mai ganga yana buƙatar wat 200 zuwa 300, da sifika mai inci 15 guda, ko masu inci 10 guda biyu zuwa huɗu. Kada ka yi tsammanin ninka wat yana ninka ƙara. Desibel uku kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ninka ƙarfin kusan sau goma, don haka ƙara akwatin sifika na biyu ya fi ƙara wat amfani. Amma ka karanta abin da aka rubuta a bayan amfilifayar kafin ka haɗa: akwati biyu masu om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta) idan aka haɗa su suna zama om 4, biyu masu om 4 suna zama om 2, kuma amfilifayar da aka rubuta mata om 4 a matsayin iyaka za ta yi zafi ta ɗauke ko ta ƙone idan aka kai ta 2. Kada kuma ka kaɗa bes da ƙarfi a amfilifayar ƙaramar jita, sifikarta ba za ta jure ba. Idan kuɗin bai kai ga babbar amfilifaya ba, akwai ƙaramin akwati da ake kira DI wanda yake karɓar sautin jitarka ya miƙa shi ga miksa ta waya mai baki uku irin ta makirfo, ba tare da ƙugi ko raunin da doguwar wayar jita ke jawowa ba. Da shi da ƙaramar amfilifayar da za ka riƙa jin kanka, manyan sifikun wurin su ɗauki sauran aikin. Wayar jita kuwa kada ta wuce mita shida, kuma ka riƙa tafiya da guda biyu.

Batun wuta ba na wasa ba ne, kuma ina roƙonka ka riƙe shi fiye da duk abin da na faɗa. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, saboda haka amfilifayar hannu da aka shigo da ita daga can tana iya ƙonewa a sokawar farko idan ba a duba bayanta ba. A wurin biki a tayar da janareta ya daidaita kafin a haɗa kayan sauti, amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa kuma ta farko a kashewa, kada kuma a haɗa ta layi ɗaya da firiza ko injin ruwa. Sitabilaiza mai kyau tana cikin kayan kiɗanka kamar yadda tsirkiya take. Abin da ya fi duka haɗari shi ne al'adar karya ƙafa ta uku ta filogi, ko cire wayar atin, wadda ke kai wutar da ta zube zuwa ƙasa, wai don a kashe ƙugi. Tsirkiyoyin jitarka a haɗe suke da jikin amfilifaya ta wata siririyar waya da ke ƙarƙashin jaki, don haka idan wuta ta zube a cikin amfilifayar kuma babu atin, jikinka ne zai zama hanyarta a lokacin da hannunka ke kan tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo. Makaɗin jita Leslie Harvey ta haka ya rasu a kan dandamali a garin Suwansi na Birtaniya a 1972. Idan ka ji ɗan tsikari a yatsa ko a leɓe, a dakata a nemo mai gyaran wuta, kuma da damina kada ka tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba takalmi mai roba. Idan ƙugi ne ya dame ku, a jikin akwatin DI akwai maɓallin da ke yanke shi ba tare da an taɓa atin ɗin wuta ba.

Bayan ka saya, yanayin Zariya zai gwada ta. Itacen jita ya fi son danshin iska na kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan faɗi ƙasa da kashi 20, sannan a watan Agusta iska ta jiƙe sharkaf. Itace yana tsukewa yana kumbura, ƙarfe kuwa ba ya bin sa, shi ya sa da hunturu za ka ji bakin ƙarafunan wuya sun fito suna kartar tafin hannu, ratar tsirkiya kuma ta sauya. Ka auna ratar nan da na kwatanta maka sau biyu a shekara, farkon hunturu da bayan damina ta zauna, ka gyara da rubu'in zagaye, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. Ka riƙa ajiye jitar a cikin jakarta, kuma da hunturu ka sami kwanon sabulu mai murfi ka huhhuda shi, ka jiƙa soso ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka sa a ciki ka ajiye a aljihun jakar ta ciki, kana sake jiƙa shi duk bayan kwana biyu ko uku. Kada ka bar ta a but ɗin mota da zafin bazara, kada ka jingina ta a bangon da rana ke duka, kuma in za ka hau acaɓa da ita jakar ta kasance mai soso, ka kula da kanta da ke leƙowa sama da naka. Allon wuya idan baƙin itace ne marar fenti, ɗigo kaɗan na man da aka yi don haka ya isa sau ɗaya ko biyu a shekara. Man gyaɗa da man ja suna yin ɗoyi su kama ƙura.

Tsirkiyoyi iri biyu ne. Masu kaushi, waɗanda kamfanin Rotosound na Ingila ya yaɗa tun 1966, suna da haske da kaifi, amma gumi da ƙurar hunturu suna shiga tsakanin naɗinsu su kashe su cikin 'yan watanni. Masu santsi ba su da wannan haske tun farko, amma sukan yi shekaru ba su sauya ba, ba sa cin ƙarafunan wuya, kuma sautinsu mai dunƙule yana zama da kyau a ƙarƙashin kalangu da muryoyi. Ga mai kiɗan biki da ba ya son sayen tsirkiya kowane zangon karatu, sun cancanci kuɗinsu. Ma'aunin kaurin tsirkiya na 45 zuwa 105 shi ne na tsaka-tsaki. Ko wacce ka sa, ka wanke hannu kafin kiɗa, ka goge kowace tsirkiya sama da ƙasa da busasshen ƙyalle bayan an tashi.

A lissafina, kada jitar ta ci fiye da rabin abin da ka tara. Sauran ya tafi ga amfilifaya ko DI, da wayoyi biyu, da na'urar saiti, da jaka, da ladan wanda zai daidaita maka wuya da jaki. Ranar biki kuma ku isa da wuri ku gwada sauti kafin baƙi su cika. Mai ganga ya fara shi kaɗai, kai ka shiga, sannan fiyano, sannan muryoyi. Ka ba wani abokinka wayarka ya je kujerar ƙarshe ya naɗi minti ɗaya, ya koma tsakiya ya naɗi wani, ku saurara tare da mai miksa, ku gyara a kan abin da kuka ji a can. Idan jama'a suka cika ɗakin sautin zai sake sauyawa, domin jikin mutane da manyan riguna suna shanye siririn sauti fiye da mai kauri, saboda haka bayan waƙa ta biyu a sake tura wani baya ya saurara, kuma in za a yi gyara a fara da ɗaga Mid kafin a taɓa maɓallin ƙarfi.